Likkafanin da Ya Je Masar Ya Dawo

Tun da na dawo daga Masar ba a bar ni na huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a bakin Kasuwar Gombe, har a cikin keke, sai wani ya juyo ya ce, "Alhaji Buba, wai yaya aka yi ne? Mu fa an ce mana..." sai ya haɗiye sauran. Na san sauran. An ce musu ba zan dawo ba. Na gaji da maimaita labari ga mutum ɗaya-ɗaya, kuma an hana ni daɗewa cikin cunkoso, saboda haka na ce bari in rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata sayen ƙaro da riɗi. Ita ta kai ni Abeshe da Garwa da Damagaram da bakin tekun Sudan. Fulatanci na sha a nono, Hausa na tsinta a titi, Turanci a makaranta, Larabci a bakin 'yan Chadi, Faransanci kuwa 'yan kwastan Kamaru ne suka koya mini shi dole. Duk tafiyar da na yi a baya, kaya nake rakawa. A wannan karon ni ne kayan.

Shekarun baya kaluluwa ta fito mini a wuya, ba ta ciwo, ba ta kuma tafiya. Aka yanki kaɗan aka duba, aka ce limfoma ce, wato ciwon daji na kaluluwa. Aka yi mini kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, a nan gida, har da wani jan magani da ya kwashe mini gemu tas. Ciwon ya kwanta, gemu ya dawo, na koma harkokina. Sai bara na ji ƙulli a hammata, ga zufa, ga rama har wando yana zamewa. Likitana na nan Gombe bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ciwon ya dawo, kuma ba za a maimaita magungunan farko ba, don ciwon ya riga ya san su, jan maganin nan kuma zuciya ta ɗauki iya abin da za ta iya ɗauka. Sai an haɗa wasu sababbi, a ba ni su a jere, kowanne a kan lokacinsa. Ya ce damuwarsa ɗaya, a nan wani lokacin ranar da ake neman magani ita ce ranar da ba a samunsa, kuma wannan aiki ba ya son tsayawa a tsakiya. Idan ina da hali da ƙarfin zuciya, in tafi inda ba za a yanke ba.

Na zaɓi Masar saboda harshe. Ba na son a yi maganar jikina a gabana ina kallon bakin mutane.

Wadda ta tsaya mini a hanya ita ce yayata, Adda Mairo, da ke Hammadu Kafi. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka har yau, da furfurata da jikokina, Buba take ce mini ba Alhaji. Ta zo gidana a Nasarawo ta zauna a kan tabarma, ta ƙi kujera.

"Buba, an yi maka sau ɗaya ya dawo. Ba ka gane saƙon ba? Ka zauna a ɗakinka mu yi ta addu'a. Idan lokaci ya yi, 'yan'uwanka su yi maka wanka, a kai ka kusa da kabarin Baffa. A zuriyarmu ba a taɓa binne kowa cikin baƙi ba."

Na ce, "Adda, lokacin ya yi ne? An aiko miki?"

"Kada ka yi mini rashin kunya."

"Ba rashin kunya ba ce. Mutuwa gaskiya ce, ban musa ba. Amma ba zan shimfiɗa mata tabarma in zauna jiranta ba. Idan tana nemana ta san hanyar Masar."

Ranar tafiya ta sake zuwa da sassafe. Ta shiga ɗakin matata, Hajiya Rabi, wadda za ta raka ni, suka daɗe a ciki. Da ta fito ba ta ce sai ka dawo ba. Cewa ta yi, "Buba, mu yafi juna." Na ce ni na yafe mata, amma ta riƙe tata yafiyar, zan zo in karɓa da kaina.

Muka bi ta Dukku da Darazo zuwa Kano. Hanyar kun san ta, ba sai na zage ta a rubuce ba. Kafin Birnin Kudu taya ta fashe, muka zauna a gindin wata tsamiya direba yana fama. Wata Bafulatana mai tallan nono ta dube ni ta ga ƙasusuwan wuyana, ta tambaye ni da Fulatanci ina za ni. Na ce Misira. Ta ce, "A wannan motar?" Na ce a jirgin sama. Ta girgiza kai ta ce da na zo rugarsu da an dafa mini wata saiwa, kwana kaɗan in miƙe. Ita ce ta farko a hanya, ba ita ce ta ƙarshe ba. Direba ya ce ganyen gwanda. Wani mai sayar da mai a Wudil ya ce fitsarin raƙumi. Dattijon da ke kusa da ni a jirgi ya ce zuma da habbatussauda, alhali shi kansa ƙodarsa zai kai a duba. A ƙasarmu ba a rasa likita, mara lafiya ne kawai ba ya isa kowa. Na gode wa kowannensu, na shanye furar Bafulatanar nan har ƙasan ƙwarya, don an gaya mini da zarar an fara magani ni da ɗanyen nono sai wani lokaci.

A filin jirgin Alƙahira aka buga mana fasfo ba wata matsala. Matsalar tana cikin akwatin Hajiya. Na ce mata kada ta ɗauki kasuwa, ta ɗauki kasuwa: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa. Jami'in kwastan, wani mai gashin baki kamar tsintsiya, ya buɗe ledar daddawa ya ja da baya.

"Wannan mene ne?"

Na ce da Larabcina na Chadi, "Abin miya ne."

"Ci ake yi?"

"Ci ake yi, har a nemi ƙari."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya sansana, suka yi dariya, na taya su. Na ratsa iyakoki da yawa, na san jami'in da ya yi dariya ya kusa sakin ka. Sai hannunsa ya kai can ƙasan akwatin ya zaro wani ƙunshi da ban sani ba, an naɗe shi da tsohon zane. Ya kwance. Farin yadi ne sabo, mai yawa, an ninke shi da kyau. A tsakiyarsa akwai ƙullin garin magarya, da kafur, da 'yar kwalbar turare.

Garin magaryar ya fara ɗauka, kore ne, ya dube ni da tuhuma. Sai ƙanshin kafur ya kai masa. Ya dubi yadin, ya dubi wuyana, ya dubi takardar asibitin da ke hannuna. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce a hankali, "Kafan?" Kalmar ba ta buƙatar tafinta. Likkafani ne, da kayan wankan gawa.

Na juya wajen Hajiya. Ta sunkuyar da kai.

"Alhaji, Adda ce ta ba ni. Yayarka ce. Ta ya zan ce mata a'a?"

Jami'in ya mayar da komai da hannu biyu, ya rufe akwatin da kansa, har daddawar ya yafe. Ya dafa ƙirji ya yi mini addu'ar samun lafiya, irin addu'ar da ake yi wa wanda aka cire wa rai. Na ce masa, "Kada ka damu. Zan biyo ta nan da shi a hanyar komawa, kuma ni zan ɗauke shi, ba shi zai ɗauke ni ba."

A cikin tasi ban yi wa Hajiya faɗa ba. Na san matsayinta. Matar ƙane ba ta mayar wa yayar miji da kyauta, ko da kyautar likkafani ce. Ta ce in bari ta ɓoye shi inda ba zan gani ba. Na ce a'a. Da muka isa masauki na ɗora shi a kan kabad, daidai inda idona zai faɗa idan na farka. Kullum da safe, bayan na gaida Hajiya, sai in dube shi in ce, "Ba yau ba."

Masaukinmu a hawa na shida yake, a wani tsohon bene kusa da asibiti. Akwai lif irin na dā, kamar kejin kaji, yana aiki ranar da ya ga dama. Mai gadin gidan mutumin kudancin Masar ne, baƙi kamar mu, da rawaninsa, ya ce daga ganina ya san ɗan'uwa ne. Mutanen Alƙahira ba su san magana a hankali ba. Ranar farko na ji hayaniya a ƙasa na ce wa Hajiya an fara faɗa, ashe gaisawa ake yi. Matansu ba sa saukowa sayen gurasa, kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai gurasa ya zuba, su ja. Hajiya ta ce wannan lalaci ne. Kafin wata ya ƙare ta fi kowa iya zura kwando a layin.

Abincinsu wake da safe, wake da rana, gurasa a kowane lokaci. Suna da wata miya da suke alfahari da ita ƙwarai, maƙwabciyarmu ta aiko mana da ita a matsayin abin mamaki. Hajiya ta buɗe kwanon ta ce, "Alhaji, lalo ne fa." Lalo ne. Don ramawa ta kaɗa miyar kuka da daddawa. Ba a jima ba mai gadi ya hau da gudu yana buga ƙofa, wai maƙwabta sun ce ɓera ya mutu a cikin bango. Muka zaunar da shi muka zuba masa. Ya ci don kunya, ya ƙara don daɗi.

Likitar da aka haɗa ni da ita mace ce mai furfura, Dokta Huda. Abin da ya fara burge ni, ni ta kalla ta yi wa magana. A gida an saba a fitar da mara lafiya waje, a gaya wa ɗansa ko ƙaninsa gaskiya, shi kuma a ce masa maleriya ce ta yi ƙarfi. Su ma Misirawan talakawa ba sa kiran sunan ciwon, "mugun nan" suke cewa, kamar mu. Amma ita ta kira shi da sunansa. Ta nuna mini hoton jikina da aka ɗauka a wata na'ura bayan an yi mini allurar wani ruwa mai sa wurin da ciwo yake ya yi haske. Hammata, ciki, matsematsi, duk sun kama wuta kamar kasuwa a jajiberin Salla.

Ta ce magunguna uku za ta haɗa. Ɗaya yana bin ƙwayoyin ciwon da wata alama da ke jikinsu, biyun kuma suna hana su hayayyafa, kowanne ta hanyarsa, don idan ciwon ya kauce wa wannan ya faɗa hannun wancan. Za a yi zango shida, a huta tsakanin kowanne don jini ya farfaɗo. Ta ce, "Hajji, ba zan ce maka za ka warke ba. Zan ce maka akwai abin yi, kuma sai an kai ƙarshe ake ganin amfaninsa."

Na ce, "Dokta, na yi ciniki da mutane iri-iri. Wanda ya ce kayansa ba su da aibi, shi nake gudu. Mu fara."

Jijiyoyin hannuna kemo na farko ya riga ya busar da su, sai aka dasa mini wata 'yar aba a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta nan ake sa ƙarin ruwan. Ɗakin kemo kujeru ne a jere, kowa da sandarsa da ledarsa tana ɗiga. Maƙwabcin kujerata Ammu Fathi ne, tsohon mai gidan burodi, ƙato mai ƙaramar murya, ciwonmu ɗaya kuma shi ma nasa dawowa ya yi. Da ya ji Larabcina ya yi dariya har sandarsa ta girgiza.

"Hajji Najeriya, a ina ka sayo wannan Larabcin? Kakana mai raƙuma ne kawai yake magana haka."

Na ce, "A wajen mutanen da ba su haɗiye rabin haruffan ba."

Shi ya fassara mini maganin fiye da likita. Suna da wani abinci, koshari, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya. Ya nuna ledojin da ke rataye ya ce, "Koshari ne. Kowanne shi kaɗai ba ya ƙosar da kowa. Sai an cakuɗa." Daga ranar, idan ma'aikaciyar jinya ta zo da ledoji sai ya ce a ƙara wa Hajji albasa.

Ba wanda ya gaya mini da kyau abin da ɗaya daga cikin magungunan yake yi wa mutum da sanyi. An faɗa, amma kunne bai ɗauka ba. Washegarin zangon farko na kama marfin firiji, na ji kamar na taɓa wayar lantarki. Na kurɓi ruwan sanyi, na ji kamar fasasshiyar kwalba a maƙogwaro. Ni da na tashi a zafin Gombe, wanda duk duniya ba abin da na fi so kamar ruwan randa, na koma shan ruwan ɗumi da safar hannu. Ga tashin zuciya, ga baki ba ya jin ɗanɗano, ga gajiya irin wadda tashi daga sujada sai an yi shawara.

Bayan zango na biyu ne aka kusa kayar da ni. An riga an gargaɗe mu cewa maganin yana kashe ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, kuma idan zazzaɓi ya zo kada a jira, kada a sha komai, a taho. Wata rana bayan azahar sanyi ya kama ni, haƙora suna haɗuwa. Lif ya zaɓi ranar ya huta. Mai gadi ne ya goyo ni a bayansa tun daga hawa na shida, yana haki yana cewa, "Ɗan'uwa, ba ka da nauyi, kukar nan ba ta gina jiki."

Aka kwantar da ni a ɗaki ni kaɗai. Mai shigowa sai ya wanke hannu ya rufe hanci da baki. A nan na ga bambanci mafi girma tsakaninmu da su. A gida, idan mutum ya kwanta, ɗaki cika yake yi, wannan da kunu, wancan da lemo, kowa sai ya kama hannunka ya ce sannu. Da haka muke gane ana son mu. A can, son mutum shi ne a nisance shi. Hajiya ta zauna a lungu da takunkumi a fuska tana hawaye, tana cewa, "Ko mai cewa sannu babu."

Da zazzaɓin ya ɗan sauka na ji ta a waya, na kuma ji muryar Adda tana fitowa daga ciki.

"Rabi, ki dawo mini da ƙanena yanzu da sauran numfashinsa. Kada ki bari ya cika a hannun mutanen da ba su san sunan ubansa ba."

Hajiya ta ce, "To, Adda." Sannan ta dube ni ta ce ta riga ta kira babban ɗanmu a kan ya nemo mana jirgi.

Na miƙa hannu ta ba ni wayar. Muryata ba ta fita sosai, amma ta isa Hammadu Kafi.

"Adda, Buba ne. Ban mutu ba."

"Ka dawo gida."

"Saura zango huɗu."

"Taurin kan nan tun kana goye kake da shi. Maganin ne zai kashe ka kafin ciwon."

"Wataƙila. Amma idan na taho yanzu, na sha wuyar banza, ciwon kuma zai biyo ni a jirgi ɗaya. Kin aiko mini da kayan tafiya, na gani, na gode. Suna kan kabad. Idan an buƙace su Rabi ta san inda suke, kuma Musulmi ne cike da garin nan, sun iya salla. Amma ni da ƙafata ba zan zo in kwanta miki ki yi ta kallona ina ƙarewa ba."

Sai ta ce, "Allah Ya shirye ka," ta kashe. Na ce wa Hajiya ta kira ɗanmu ta ce ya bar maganar jirgi. Ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Adda ni ce a tsakiya." Na ce, "Na sani. Ki jingina da ni, ni ne mai ciwon."

Dokta Huda ta ɗaga zango na uku har jinina ya dawo, ta rage ƙarfin magani ɗaya, ta ƙara wata allura mai tayar da ƙwayoyin kariya, wadda ke sa ƙashin baya ciwo kamar an yi dakon buhuna. Muka ci gaba.

A zango na biyar na tarar da wata mata a kujerar Ammu Fathi. Ma'aikaciyar jinya ta gaya mini a hankali. Nasa bai ji magani ba. Na nemi izinin likita na je ta'aziyya da takunkumina. Su ba tabarma suke shimfiɗawa a ƙofar gida ba, wata babbar rumfa mai ado suke kafawa ta tare titi, a jera kujeru, mai karatu yana karatu, ana zagayawa da baƙin gahawa marar sukari. Ban yi musabaha da kowa ba, na dafa ƙirji. A gadonsa ya rasu, a unguwar da aka haife shi, 'ya'yansa a kansa, duk abin da Adda take so mini. Na dubi 'ya'yan, ban ga kukan ya ragu da komai ba. Da na koma masauki na dubi kan kabad na daɗe. Ranar ban yi wa likkafanin gatse ba. Amma washegari na faɗa masa abin da na saba faɗa.

Bayan zango na shida aka sake ɗaukar hoton. Dokta Huda ta ajiye na farko da na ƙarshe gefe da gefe. Na farkon kasuwa ce a jajiberin Salla. Na ƙarshen Nasarawo ce an ɗauke wuta. Ban taɓa murnar ɗauke wuta ba sai ranar. Ta ce kada in ce na warke, in ce ya kwanta. Zai iya tashi. Likitana na Gombe zai riƙa dubana. Na ce kwanciyar ma ta ishe ni, na san abin da zan yi da ita.

A filin jirgi na duba ko zan ga mai gashin bakin nan, ban gan shi ba. Na so ya ga wa ke ɗauke da wa.

Da na huta a gida, na ɗauki ƙunshin na hau keke zuwa kasuwa, wajen telana Baba Yohanna, mutumin Kaltungo, wanda ya fi shekara talatin yana mini ɗinki yana ɓata mini aljihu. Na shimfiɗa yadin a teburinsa. Ya sansana, ya janye hannu.

"Alhaji, ni ba Musulmi ba ne, amma a garin nan na tsufa. Na san wannan yadin."

"Yadi ne. Kaftani da wando nake so."

"Almakashina ba zai taɓa shi ba. Ka je wajen yaran nan marasa tsoro."

"Baba Yohanna, ka yi mini rigar aure, ka yi mini ta sunan 'ya'yana. Wannan ce za ka ƙi? Ba a naɗe kowa da shi ba. Ya je Masar ya dawo bai sami aiki ba, ka ba shi aiki."

Ya yi dariya har ya share ido. Ya warware yadin yana aunawa, sai ya tsaya. "Wanda ya saya maka bai san awo ba. Wannan ya yi wa namiji yawa." Ban kula da maganar ba. Ya sake gwada ni, don tsohon awona ya zama na wani mutum dabam.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na sa kaftanin na nufi Hammadu Kafi. Hajiya ce ta ɓalla mini maɓallan, don har yanzu kan yatsuna a dushe suke. Ta ce ita ba za ta je ba, ba ta son ganin abin da zai faru. Adda ta zo duba ni tun ranar da na sauka, amma cikin taro ne, ba mu yi magana ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Adda, na zo karɓar yafiyata."

Ta ɗago. Idonta ya raunana amma hannunta bai manta komai ba. Ta kama bakin hannun rigar ta murza, ta kai hanci. Wanki biyu bai fitar da kafur ba. Ta saki.

"Buba. Me ka yi?"

"Kin saya mini don in sa. Na sa."

"Ban saya maka ba." Ta ajiye faifan. "Nawa ne. Shi na sayo a Makka shekarar da na sauke farali, na jiƙa shi da zamzam, na shanya da hannuna. Yana ƙasan adakata tun kafin a haifi autarka. Na ce idan har za ka kwanta cikin baƙi, to kada ka kwanta cikin yadin baƙi."

Sai a lokacin maganar Baba Yohanna ta dawo mini. Likkafanin mace ya fi na namiji yawa. Duk watannin nan da nake yi masa gatse a kan kabad, ban san da wa nake magana ba. Na dubi rigar, ga aljihu, ga maɓalli, ba ta komawa. Na zauna a ƙasa kusa da ita, kamar yadda nake zama ina yaro.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ka yanka mini likkafani. Yanzu idan tawa ta zo, da me za a naɗe ni?"

Na ce, "To ai shi ke nan, Adda. Ni ba ni da shi, ke ba ki da shi. Sai mu zauna."

Ta ɗaga hannu kamar za ta make ni, sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana hawaye. Ta ja wuyan rigar ta duba ɗinkin ta ce telan ya karkatar da shi. Sannan ta tura mini faifan shinkafar.

"Na yafe maka. Tunda ka ƙi mutuwa, sai ka yi aiki. Tsince."

Masu tambaya, ga abin da ya faru. Idan kun gan ni ranar Juma'a da farin kaftani mai karkataccen wuya, shi ne. Ku yi mini sannu daga nesa, ba sai kun kama hannuna ba, kuma kada wanda ya sake haɗiye sauran maganarsa a gabana.